Yaya Sati, Mai Sassaƙa Ciwo a Katako

Dukanmu na Allah ne, wurinsa kuma za a koma, kowa da ranarsa. Ranar Yaya Sati ɗan Barau ta zo a Talata, sha huɗu ga watan Safar na shekarar 1337, wadda akawunan tasha suka rubuta sha tara ga Nuwamba, 1918. Ya cika da hantsi a gidansa na Sabon Garin Zariya, bayan fama da murar nan da mutane suka sa wa suna marisuwa. Aka ɗauke shi zuwa Samaru, garin iyayensa, aka rufe shi kafin la'asar. Waɗanda suka yi masa salla ba su cika sahu biyu ba. Yana da jama'a, sai dai rabinsu na kwance, wasu kuma sun riga shi tafiya.

Ni ne Ɗanmalam tela, mijin ƙanwarsa Ruƙayyatu, Allah ya ji ƙanta. An ce in rubuta wani abu a karanta ranar arba'in, wai ni na fi kowa zama kusa da shi. Gaskiya ne, darni ɗaya ne tsakanin gidansa da nawa, ko tari ya yi ina ji. Amma zama kusa da shi bai sa na gane shi ba, kuma tun da ya tafi abin sai ƙara ɗaure mini kai yake yi.

Yaya Sati, bari in yi magana da kai kamar yadda muka saba, don in na ce "shi" sai in ji kamar zancen baƙo nake yi. Ka san abin da ke raina. Ka tafi ka bar katakan da ka sassaƙa cike da ɗaki, a cikinsu kuwa har da fuskar Ruƙayyatu. Ban da wannan katako babu inda kamanninta suka rage a duniya, ga kuma Kaltume, 'yar da ta bari, ta kai shekarun tambayar yadda uwarta take. Zan faɗa maka abin da ya faru da shi, amma sai na fara gaya wa masu sauraro ko kai wane ne, gwargwadon abin da na sani.

Da zanen ƙwarya aka san ka a Samaru tun kana yaro. Mahaifiyarku takan ce ko ƙoƙon randa ba ya tsira daga wuƙarka. Kana saurayi agana ta kama ka, ta bar maka zanzana har kan kunnuwa, ka warke ka tattara ka bi fataken goro zuwa Gwanja. Mutane sun ce kunyar fuskar ce ta kore ka. Kai kuwa ka ce so kawai kake ka ga inda goro yake fitowa. A can ka tarar da mutanen kurmi suna sassaƙa zane a jikin sakaina, su tsoma ta a rini su danna a kan tufa, zane ɗaya ya fito sau da yawa ba bambanci. Ka dawo shekarar da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Zariya, ka kafa rumfa a Sabon Gari, ka ga katakan akwatunan kaya da ake yarwa a tasha sun fi sakaina faɗi da laushin sassaƙa. Ni ina ɗinki, kai kana buga wa mata ado a bakin mayafi, matan akawuna da matan leburori suna layi a ƙofarka. Har zuwa nan babu abin da ban gane ba. Sana'a ce mai kyau, ana ci ana sha.

Abin ya sauya ne daminar da Ruƙayyatu take da cikin fari. Ta fara da cewa goshinta na hagu yana mata zafi kamar an ɗora garwashi, muka duba ba mu ga komai ba. Bayan 'yan kwanaki ƙuraje masu ruwa suka fito cunkus, daga gindin gashi zuwa fatar ido, suka gangaro gefen hanci da saman kumatu. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne inda suka tsaya: daidai tsakiyar goshi, kamar an ja zare an auna, ko ɗaya bai ƙetare zuwa dama ba. Ba wanda ya yarda da wani a kan sunan ciwon. Wata ta ce gizo-gizo ne ya yi mata fitsari tana barci, wani ya ce iska ce ta mare ta, wanzami ya ce jini ne ya ɓaci. Abu ɗaya tsoffin mata suka haɗu a kansa, wato kada mai ciki ta ga fuskarta a haka, don abin da ta gani zai fito a jikin ɗan. Na ɗauke madubinta na cusa a cikin jinka, aka rufe bakin randa, ko ƙwaryar ruwa sai a miƙa mata ta sha ido a rufe.

Duk wanda ya shigo dubiya sai ta tambaye shi yadda abin yake, shi kuma ya kau da kai ya ce da sauƙi. Ni ma haka nake ce mata. Ta daina barci, ta daina cin abinci, tana ta shafa fuskar da yatsu tana ƙirga abin da ba ta gani. Ranar da ka shigo, ina zaune a bakin ƙofa na ji ta ce maka, "Yaya, kai ba ka iya ƙarya ba. Yaya fuskata take?"

Ka daɗe kana kallonta, sannan ka ce, "Ba ni da bakin faɗa, Ruƙayya. Amma in kina so zan nuna miki."

Kashegari ka zo da katako da gawayi, ka zauna a gabanta kana duba kana zanawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma wan matata ne kai, ba ni da bakin hana ka. Ka koma gida muka yi ta jin ƙarar wuƙarka ta cikin darni. Da ka gama, sai ka shigo da wani ƙyallen akoko, irin ragowar da nake ba ka, ka shimfiɗa mata a cinya. Ga Ruƙayyatu nan a kai sak, da baƙin layi, da kitsonta da tsagenta da ɗan karkacewar bakin nan nata in tana shirin yin gardama. Ga ƙurajen kuma da ja, ba ka rage ko ɗaya ba, ba ka ƙara ba, har kumburin idon.

Na zaci za ta yi kuka. Ta yi ta dubawa da idon nan ɗaya da ke buɗuwa, can sai ta ce, "Ashe iyakarsa ke nan. Ni na ɗauka ya cinye ni duka." Ta nemi kunu ta sha, ta kwanta ta yi barci har azahar ta wuce.

Ni kuwa na sami abin kamawa. Na ce ai ka juya ta, ciwon da nake gani a wannan gefen ka mai da shi wancan. Ita ta farka ta ce a'a, daidai yake, ta kai hannu kan ƙyallen ta kai kan fuskarta. Muka yi ta musu ni da ita, kai kana dariya ba ka raba mu ba. Daga baya ka ce duk abin da aka buga da katako haka yake fitowa, dama ta koma hagu, kamar a madubi. Da tsoffin mata suka ji kalmar madubi sai suka ce shi ke nan, an karya abin da suka hana. Wasu kuma suka ce ƙyalle ba madubi ba ne. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba.

Ƙurajen suka bushe, suka bar ɗan tabo, idon ya rage gani kaɗan. Da kaka ta haifi Kaltume, jikinta sumul ba ko ɗigo. Ruƙayyatu kuwa ba ta ga ranar suna ba. An sami masu cewa ƙyallen ne, ciwon ya bar 'yar ya koma kan uwar. Ban yarda ba, ban kuma iya ƙaryatawa ba, kuma ka ga haka a fuskata ba ka taɓa ce mini komai ba. Ƙyallen yana ƙarƙashin matashinta. Matan da suka wanke kayanta suka haɗa da shi, da yake kuma da tawada kake buga irin waɗannan, baƙin tukunya da ƙaro kamar ta allo, wai ita ta fi fitar da siririn layi, sai duk ya bi ruwa. Aka shanya shi fari fat a kan igiya. Matarka Aishatu ta ɗauki jaririyar ta shayar da ita tare da naku ɗan, wannan kuwa ba abin da zan iya saka muku da shi.

Ban ga hawayenka a makokin ƙanwarka ba. Abin da na gani shi ne ka rage buga ado, ka fara bin marasa lafiya. Duk rani in agana ta shigo, akan kafa wa waɗanda ta kama bukkoki can bayan gari wajen Hanwa, a riƙa ajiye musu abinci daga nesa a juya. Kai kuwa ciki kake shiga, ka ce ta riga ta karɓi rabonta a fuskarka ba ta dawowa. Aishatu ta dama kunu, ka ɗauka a tulu, ka ba su a baki, ka juya wanda ya gaji da kwanciya, ka kore musu ƙuda. In mutum ya ɗan farfaɗo sai ka tambaye shi, "Ka yarda in ɗauki abin da ke jikinka?" Da yawa sun ƙi. Akwai wani lebura da ya zage ka tas, ya ce ka zo kallon tsiraicinsa ne. Kashegari ka koma masa da kunu kamar ba abin da ya faru, ba ka kuwa sake tambayarsa ba har ya warke. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Haka katakai suka taru. Agana tun tana ɗigo-ɗigo har ta yi ruwa har ta bushe, ƙyanda a bayan yaro, ƙarambau, ƙurajen da kan fito a leɓe bayan zazzaɓi, da irin ciwon Ruƙayyatu a jikin wani tsoho, wanda nasa ya zagaya haƙarƙari gefe ɗaya kamar rabin ɗamara. In an gama bugawa, ƙyallen na mai ciwon ne, ko na danginsa in bai tashi ba. Na san gidajen da aka ƙone shi tun a ƙofa, na kuma san inda aka naɗe aka ajiye a ƙasan adaka.

Sau ɗaya na ɗauka na gano dalilinka. Akwai Susanna, mutuniyar Lakwaja, mai sayar da abinci a bakin tasha. Ƙuraje suka feso wa ɗanta, mai gidan da take haya ya ce agana ce, ta kwashe shi zuwa bukkokin Hanwa ko ya fitar da kayanta waje. Ta zo ƙofarka tana kuka da 'yar Hausarta. Ka ɗauki ƙyalle biyu ka je, ka shimfiɗa su a ƙasa kusa da yaron, ka ce wa mai gidan ya duba da kansa. Ƙurajen agana duk girmansu ɗaya, sun cika fuska da tafin hannu. Na ƙarambau kuwa manya da ƙanana a haɗe, sun fi yawa a ciki da baya. Mutumin ya duba yaro, ya duba ƙyalle, ya ce to a bar shi a ɗaki amma kada ya fito. Yaron ya tashi. Da a ce an kai shi cikin masu agana, Allah kaɗai ya san yadda za a yi. Da yamma na ce maka, ashe wannan ne amfanin abin, me ya hana ka faɗa tuntuni? Ka ce, "Yau dai ya yi amfani. Amma ba don haka na yi ba." Ka mai da ni inda nake.

Kowa ya tambaye ka, da amsar da yake samu. Liman ya kira ka a kan zana abu mai rai, ka durƙusa ka ce masa kai ma abin yana damunka, kana istigfari, amma ciwon ba ya zama sai a jikin mutum. Ya yi maka nasiha, ka yi godiya, ka ci gaba. Julius, akawun tasha, ya so ya sayi wasu ƙyallayen ya aika Ikko, ka ce ba naka ba ne balle ka sayar. Ni kuma da na matsa maka wata rana, sai ka tambaye ni abin da ya sa nake kalmashe ɗinki ta cikin riga inda ba mai gani. Na ce don kada ya warware. Ka ce, "To ka ga, Ɗanmalam, kai ka san dalilinka. Ni ban san nawa ba." Na yi zaton wasa kake mini. Yanzu ina ganin wataƙila iyakar gaskiyarka ke nan.

Ɗakin aikinka kuwa ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Ƙyalle nake ba ka ta kan darni, ban taɓa tsayawa na ga yadda kake bugawa ba. Tsoro ne ko fushi, ban tantance ba, na dai san katakon Ruƙayyatu yana ciki kuma ba na son mu haɗa ido.

Daminar bana Kaltume ta fara tambaya. Ta ga kowane yaro ana ce masa ya yi kama da uwarsa ko ubansa, ita in an zo kanta sai a yi shiru. Ta same ka kana wasa wuƙa ta ce, "Kawu, da wa Innata ta yi kama?" Ka ce mata, "Tana nan a ɗakina. Ranar da Babanki ya ce to, zan fito miki da ita." Ta shigo mini da gudu har tana tuntuɓe. Na ce a'a. Ban so ganin farko da yarinya za ta yi wa uwarta ya zama da ido a kumbure da ƙuraje ba. Ka leƙo ta kan darni ka ce, "Haka take a ranar, kuma ita ce ta ce a yi." Na ce a bari ta ƙara girma. Ba ka ja ba, don ba ka da ja-in-ja a kan 'yar wani, ko da 'yar ƙanwarka ce. Tun daga ranar kullum sai ta tambaye ni ko ta girma.

Sai marisuwa ta shigo, an ce jirgi ta biyo daga kudu. Ka feƙe katako sabo, ka goge shi ya yi santsi, ka jingine a bakin ƙofa, ka fita gida-gida kamar yadda ka saba. Ka dawo mini da yamma ka zauna a bakin rumfata, na ga ka a rikice, abin da ban taɓa gani ba. Ka ce, "Ɗanmalam, wannan ba shi da fuska. Mutum da ƙarfinsa jiya, yau ana wankansa. Na duba daga kai har ƙafa, babu abin da zan sassaƙa." Katakon ya yi ta zama a ƙofa ba a taɓa shi ba, mutane suna wucewa suna kallonsa. Nan maganganu suka fara, wai ka shimfiɗa wa ciwo wurin zama tun bai iso ba. Waɗanda ka yi jinyarsu ma har da su a masu faɗa. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa yana neman abin da zai kama.

Zanzanarka ba ta kare ka daga wannan ba. Da ka kwanta, ana gobe za ka cika, ƙuraje suka fito maka a gefen leɓe. Aishatu ta kira ni da murna, muka ce alhamdulillahi, zazzaɓi ya fita ta baki, sauƙi ya zo, haka muka sani tun kakanni. Ka kai yatsa ka shafa su, ka yi murmushi ka ce, "Wannan dai na san shi." Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinka. Na koma gida da kwanciyar hankali, har na ce wa Kaltume Kawunta ya kusa tashi.

Bayan sadakar bakwai, babban wanku Yaya Shehu ya ce a ƙone katakan. Ba zan zarge shi ba. Gidansa na Samaru mutum uku marisuwa ta ɗauka, ga surutun gari, ga marayunka da za su ci gaba da zama a cikin mutane. Aka ɗora su a jakuna aka kai bayan garin Samaru, aka tara kara aka kunna wuta. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗanmalam, na Ruƙayya yana ciki. In kana so ka ɗauka, in ba ka so ya bi 'yan'uwansa. Amma kada ya kwana a garin nan."

Na tsaya a gaban tulin ban san abin da nake so ba. In na bari ya ƙone, na raba Kaltume da fuskar uwarta har abada. In na ɗauka, sai na nuna mata abin da na ƙi nuna mata. Ina cikin haka na lura katakan a ɗaure suke bibbiyu da igiyar rama, fuska da fuska. Nata ban sha wuyar ganewa ba, ka naɗe shi a cikin tsohon kallabinta. Na kwance, sai ga katako biyu, ɗaya ya yi baƙi da tawada, ɗaya ya rine ja. A kan baƙin na ga kitsonta, na ga ido, na ga baki, ɗaya gefen kuma a share yake sumul, babu ƙurji ko ɗaya. A kan jan kuwa tsiro-tsiro ne cunkus, ban ma iya tsayar da ido a kansa ba.

Yaya Sati, murnar da na yi a wurin nan ban yi irinta ba tun rasuwar ƙanwarka. Na ce ashe ka raba su, fuskar daban, ciwon daban. Na ce ashe ka yi mini tanadi tun tuni ka yi shiru, ga kumatunta nan lafiya lau kamar ranar da aka kawo ta gidana. Na rungume baƙin, na jefa jan a wuta da hannuna. Yaya Shehu yana kallo ya gyaɗa kai, don shi ma abin da ya gani ke nan.

Na dawo Sabon Gari na yi sallama da Aishatu, tana cikin takaba, ta amsa daga bayan asabari. Na ce ta koya mini yadda kake yi, tun da ita ce mai dama maka tawada. Ta ce in shafa a hankali da tsumma, in ɗora ƙyalle, in goga da bayan ludayi. Sai ta ce, "Ka fara da jan, da shi marigayi yake farawa."

Na ce ai jan na sa shi a wuta.

Na ji ta matso kusa da asabarin. Can ta ce, "Bai taɓa bugawa da ɗaya ba."

Na goga, na ɗaga ƙyallen. Kitso ya fito, kunne ɗaya, ido ɗaya yana kallona, rabin hanci, rabin baki. Daga tsakiyar goshi zuwa ɗaya gefen kuwa babu komai sai farin akoko. Wurin nan mai santsi da na ɗauka lafiyayyar fata ce, ashe rami ne ka ƙwaƙule don tawada kada ta taɓa shi, ka bar wa ɗaya katakon wuri. Na miƙa wa Aishatu ta ƙarƙashin asabari. Na ji tana kuka a hankali, ta ce, "Idon da ke ciwo da girar da tsagen wannan gefen, duk a kan jan suke. Ya ce ciwon da fatar ba su rabuwa, tare ya sassaƙa su."

Na zauna a ƙofar ɗakin na rasa abin da ke mini daɗi. Da ka gaya mini. Amma yaushe na ba ka damar gaya mini, ni da ban taɓa leƙa ɗakin ba? Na ce to ai ni mijinta ne, zan cike sauran da gawayi. Na rufe ido in tuno wancan gefen, ba abin da ya zo mini sai ƙurajen, su da na ƙone. Idon da ke ƙarƙashinsu ya ƙi zuwa. Na gwada kwaikwayon gefen da ya rage a kan wani ƙyalle, sai ga wata mace da ban taɓa gani ba. Na wanke.

Na so in ɓoye, amma Kaltume ta ga shigowata da kallabin, ta kuma san daga inda na fito. Da safe ta zo ta tsaya a gabana ta ce, "Baba, na girma?" Na ce kin girma. Na shimfiɗa mata ƙyallen a kan tabarma, ina shirya bayanin da ni kaina ban gane ba.

Ba ta nemi bayani ba. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, ta kai yatsa ta taɓa idon, ta bi layin nan da fuskar ta yanke. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Leƙe take yi. Ta ɓuya a bayan ƙofa." Ta karkata kai tana leƙa farin wurin, kamar za ta hango abin da ke baya. Sannan ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baba, ka ce mata ta fito. Ni ce."

Ban ce komai ba, kuma har yau ban ce ba. Ta naɗe ƙyallen ta ajiye inda ruwa ba zai taɓa shi ba, kowace safiya sai ta buɗe ta duba.

Abin da na sani game da kai ke nan, Yaya Sati. Ban san ko aikinka daidai ne a wurin Allah ba, malamai sun fi ni sani. Na dai ga ka shiga inda kowa ya gudu, ka dubi fuskokin da 'yan'uwansu suka kasa duba, kuma ƙanwarka ta yi barci a ranar da ka nuna mata gaskiya. Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Sati ɗan Barau. Abin da ya yi na alheri ka ninka masa, abin da ya kuskure a cikin sassaƙarsa ka yafe masa, don kai ka san dalilin da shi bai sani ba. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka tashe shi da fuska marar tabo, ka haɗa shi da Ruƙayyatu da iyayensu a gidan Aljanna. Ka ji ƙan duk waɗanda wannan annoba ta ɗauka a Sabon Gari da Samaru da sauran garuruwa, ka ɗauke mana ita.

Ina yi wa Aishatu da 'ya'yanta ta'aziyya, da Yaya Shehu da dukan gidan Barau, da maƙwabta, da waɗanda ya yi jinya suka tashi. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Ku kuma da kuka saurara, in kun ɗaga hannu kuna yi masa addu'a, ku sa ni a ciki. Ku roƙa mini Allah ya ba ni abin da zan faɗa wa yarinyar nan, don har yanzu tana jira.